Karatun Tsarin Bayanan Kasuwanci a Jami'a: Yadda Ake Shiga da Yadda Ake Fita da Abin Hannu

Duk lokacin da ka ciri kuɗi a wurin mai POS, ko ka biya kuɗin makaranta ta Remita, ko ma'aikacin asibiti ya buga lambar katinka sai ga fayil ɗinka a fuskar kwamfuta, akwai wanda ya zauna tun farko ya yanke shawarar wane bayani za a karɓa, ina za a ajiye shi, wa zai iya gani, wa zai iya canzawa, da abin da za a yi idan netwok ya ɗauke ana tsakiyar ciniki. Ba lalle ne shi ya rubuta manhajar da hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya fahimci harkar kamar mai ita, ya kuma san kwamfuta yadda masu rubuta manhaja ba za su raina masa hankali ba. Wannan aikin ake koya a kwas ɗin tsarin bayanan kasuwanci.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to shi wannan kwas ɗin taura biyu zai sa maka a baki: rabi kwamfuta, rabi kasuwanci. Ɗalibin da ya tsaya ga lakca da handaut kawai yakan fita bai kai ɗan sashen kwamfuta iya rubuta manhaja ba, bai kuma kai ɗan sashen akanta iya lissafi ba. Maganin da na fi yarda da shi ɗaya ne, kuma a kansa wannan jagorar ta ginu: tun daga aji ɗaya ka nemi wata harka ta gaske guda ɗaya, ka riƙe ta, duk darasin da aka koya maka ka kai shi can ka gwada.

Da farko ka tabbatar kwas ɗin da kake nema ke nan

Sunansa ba ɗaya ba ne. A jerin kwasa-kwasan JAMB za ka iya cin karo da Information Systems, ko Management Information Systems, ko wani suna mai kama da su. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola tana koyar da na farkon, Jami'ar Covenant da ke Ota tana da na biyun. A Nijar da sauran ƙasashen da ke karatu da Faransanci ana kiransa informatique de gestion, kuma digirin farko shekara uku ne a can, ba huɗu ba.

A watan Disamban 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu da ake kira CCMAS. A cikinsa aka ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, aka kuma sa Information Systems a matsayin digiri daban, kusa da kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet da kimiyyar bayanai. Hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike kashi 30 da kanta. Saboda haka kada suna ya ruɗe ka. Nemi littafin ɗalibai na sashen, ko ka roƙi wani ɗan aji uku ya turo maka hoton jerin darussansu. Idan ka ga rumbun bayanai (wato database, inda kwamfuta ke ajiye bayanai a tsare), nazari da tsara tsarin aiki, akanta, ƙididdiga da gudanar da ayyuka duk a jere, to ka zo gida.

Idan jami'ar da ke kusa da kai ba ta da kwas ɗin, ba a rufe ƙofa ba. Wanda ya karanta fasahar sadarwa ko kimiyyar kwamfuta a irin Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa da koyon akanta da gaske, wuri ɗaya za su tarar da juna. Haka wanda ya karanta akanta ko harkar kasuwanci ya dage da koyon rumbun bayanai. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka shigo don an ce maka ya fi kimiyyar kwamfuta sauƙi. Lissafin ya ɗan ragu, gaskiya ne, amma an maye gurbinsa da rubutu mai yawa da mu'amala da mutane, kuma wannan ba kowa ke jure shi ba.

Neman gurbi

Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC, NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi, galibi a zaman da bai wuce biyu ba. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ne, Turanci dole, jimillar maki 400. Sauran ukun sun danganta da tsangayar da kwas ɗin yake. Inda yake ƙarƙashin kwamfuta, yawanci sai an ga lissafi da fiziks. Inda yake ƙarƙashin gudanarwa, lissafi da ikonomis aka fi nema. Kada ka dogara da abin da mai shagon intanet ya faɗa maka da ka. Buɗe kundin JAMB na shekarar, ka duba layin jami'ar da kake so da idonka. Haɗa darussa ba daidai ba ya sha hana mai maki mai kyau gurbi.

Kafin rajista, jera takardunka uku a gabanka: NIN, sakamakon sakandare, da takardar haihuwa. Idan ɗaya ta ce Muhammad, ɗaya ta ce Mohammed, ko an juya sunan uba ya dawo gaba, je ka gyara tun yanzu. Ka kuma riƙe wannan wahalar a ranka, don ita ce darasinka na farko a wannan fanni: kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba sai an ba ta lamba ɗaya da ke bin sa ko'ina. Dalilin ƙirƙiro BVN a 2014 ke nan.

Mai difloma ta ƙasa, ko NCE, ko IJMB, yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, nan ma ta hannun JAMB. Kowace hanya ka bi, ka tabbatar da abu biyu: NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, kuma gurbin ya fito a shafinka na CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbi, ka karɓa da kanka. Gurbin da bai bi ta nan ba yakan zama ciwon kai ranar da aka zo tura sunaye bautar ƙasa.

Kwamfuta da kuɗi

Ba a yin wannan karatun a waya. Laftof ta hannu ta wadatar, in dai tana da RAM aƙalla 8GB, ma'ajiyarta SSD ce, kuma baturinta na riƙe caji. A wurin saye, baturin ya fi kyan jiki muhimmanci. Sa mai shago ya cire caja ka zauna ka ga yadda take sauka. Ka zaɓi mai Windows, domin Power BI na kan kwamfuta, manhajar fitar da rahoto daga bayanai da za ka buƙata nan gaba, a kanta kawai yake aiki. Sauran kayan aikin kusan duk kyauta ne: PostgreSQL da MySQL na rumbun bayanai, Python na rubuta manhaja, da Odoo ko ERPNext na tafiyar da lissafi da kayan kamfani. Ɗaliban makarantun gwamnati kuma suna iya neman rancen NELFUND, wanda aka fara a 2024.

Aji ɗaya: tsare maki, sannan nemo shago

Darussan shekarar farko ba su da armashi: lissafi, gabatarwar kwamfuta, darussan GST na kowa da kowa. Nan ne ɗalibai ke sakaci, nan ne kuma ake haƙa ramin da ba a cikewa. A ma'aunin maki biyar, A na farawa daga 70, darajar farko daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Mu ɗauka yunit ɗin kowace shekara daidai suke. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.50, sai ya riƙa samun kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓo 3.50. Mai yiwuwa ne, amma da gumi. Kada ka raina darasin Turanci musamman. A wannan sana'ar da Hausa za ka saurari mutane, da Turanci za ka rubuta rahoto, kuma rahoton da ba a gane ba tamkar ba a yi aikin ba ne.

A hutun zangon farko ka fita neman harkar da za ka riƙe. Shagon atamfa a Kantin Kwari, dilan kayan masarufi a Singa, mai sayen hatsi a Dawanau, kemis ɗin unguwa, makarantar Islamiyya mai karɓar kuɗin wata, gidan burodi. Ga ɗalibai mata, sau da yawa harkar tana cikin gida: uwar adashi mai mutum talatin, ko 'yar uwa mai sayar da kayan ɗaki ta WhatsApp ana biyanta kaɗan-kaɗan. Sharaɗin kawai shi ne a samu kaya na shiga da fita, da bashi, da littafi. Kada ka je da maganar "zan yi muku manhaja". Ka ce, "Baba, makaranta ce ta sa mu koyi yadda ake riƙe lissafi, ina so in riƙa zuwa ranar Asabar ina taya ku rubutu." Shekarar nan kallo ne aikinka, da shigar da abin da ka gani a Excel. Ka koyi Excel sosai, har ka iya haɗa shafi da shafi da fitar da jimilla ta wata-wata, domin ofisoshi da yawa da za ka shiga nan gaba a kansa suke rayuwa, ko da sun sayi babbar manhaja.

Aji biyu: mayar da littafin bashi rumbun bayanai

Idan akwai darasin da zan ce ka ba shi rabin ƙarfinka, rumbun bayanai ne. Yarukan rubuta manhaja suna zuwa suna wucewa, amma tsarin jadawalai masu alaƙa da juna, wanda Edgar Codd ya fito da shi a kamfanin IBM a 1970, har yau a kansa bankuna da asibitoci suke tafiya.

Ɗauki littafin bashin shagon atamfa ka buɗe shafi ɗaya. Za ka ga kwanan wata, suna, kaya, kuɗi. Wanda ya biya an ja layi a kansa. Wanda ya ba da rabi an rubuta a gefe da ƙananan baƙi, wani lokaci da biro mai wani launi. Mutum ɗaya yau an rubuta shi da sunansa, gobe da sunan garinsu, jibi da sunan yaron da ya aiko. Mai shago ya san duk mutum ɗaya ne. Ranar da ya tafi Umara, yaran shago ba su sani ba.

Ga yadda za ka warware shi, daki-daki. Ka fara da jadawalin abokan ciniki: kowa da lambarsa, sunansa, garinsa, wayarsa, sau ɗaya tak. Sai jadawalin kaya: kowane samfuri da lambarsa da ma'auninsa. Sai jadawalin ciniki, mai ɗauke da kwanan wata da lambar wanda ya saya. Sai wani na layukan cinikin, domin mutum ɗaya a zuwa ɗaya yana iya ɗaukar kaya iri biyar. Na ƙarshe jadawalin biya: wa ya biya, yaushe, nawa, tsaba ne ko taransfa ko POS.

Daga nan ne kasuwa za ta fara koya maka abin da allo bai faɗa ba. A ina za ka ajiye farashi? Ɗalibi yakan sa shi a jadawalin kaya ya wuce. Amma a Kwari farashi na tashi da dala, kuma ko a rana ɗaya ba kuɗi ɗaya ake sallama wa kowa ba. Na tsohon abokin hulɗa daban, na baƙo daban. Saboda haka farashin da aka sayar dole ya zauna a layin cinikin kansa, in ba haka ba ranar da aka canza farashi duk tsohon lissafi ya rikice. Sai ma'auni: an sayo a dila, ana sayarwa a turmi, turmin atamfa yadi shida. A Singa katan ne da dozin da ɗaiɗai, a Dawanau buhu da kwano. Zaɓi ƙaramin ma'auni ka ƙirga komai da shi, ka ajiye yadda ake juyawa. Sai ragowar bashi: kada ka yi masa gurbi ana gogewa ana sake rubutawa. Ka bar kwamfuta ta tara abin da mutum ya ɗauka, ta cire abin da ya biya, duk lokacin da aka tambaya. Kuma kada a goge komai. In an yi kuskure, a shigar da wani layi da ke warware shi, don gobe in gardama ta tashi a ga abin da ya faru da wanda ya yi.

Akwai kuma abubuwan da babu su a littafin turawa. Abokin ciniki ya nemi samfurin da babu, yaro ya ruga maƙota ya karɓo, aka sayar, da yamma aka kai wa maƙwabci kuɗinsa aka riƙe ɗan abin da ya hau. Kayan nan ba su taɓa shiga sito ba, to ina za ka rubuta su? Taransfa ta shigo da sunan wanda ba a sani ba, ashe ƙanin mai bashin ne ya tura. Wani ya dawo da turmi biyu bayan mako guda ya ce a musanya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ya sa ka koma ka gyara zanenka, kuma gyaran nan shi ne karatun.

Da jadawalan sun tsaya, koyi SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ta hanyar amsa tambayoyin mai shago. Wa ya wuce kwana 30 bai kawo komai ba? Wane samfuri ne ya kwana wata uku bai motsa ba? Nawa ake bin mutanen gari kaza gaba ɗaya? Ka kuma gwada neman suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ tun da wuri, ka ga ko rumbun naka zai gane cewa wanda aka rubuta da lanƙwasa da wanda aka rubuta babu ita abu ɗaya ake nufi.

Python ko duk yaren da sashenku ya zaɓa, ka koye shi har ka iya karanta fayil, ka tsabtace bayanai, ka haɗa ƙaramin fom da rumbu. Ba sai ka zama gwani ba, amma ka kai matsayin da in mai rubuta manhaja ya ce maka "wannan ba zai yiwu ba", za ka iya tambayarsa dalili ka kuma gane amsar.

Kada ka guji akanta

Ɗaliban da suka shigo da son kwamfuta sukan ɗauki darasin akanta a matsayin kaya, su haddace su wuce. Kuskure ne babba, domin duk manyan manhajojin kamfanoni, daga SAP har Odoo, a ƙarƙashinsu lissafin shigarwa biyu ne, wato kowane ciniki a wuri biyu ake rubuta shi. Mu ce an ba da kayan naira 200,000 bashi, waɗanda aka sayo 170,000. Ciniki ya ƙaru da 200,000, bashin da ake bi ya ƙaru da 200,000. Kayan sito sun ragu da 170,000, kuɗin kayan da aka sayar ya ƙaru da 170,000. A takarda an ci ribar 30,000, a aljihu ko sisi bai shigo ba. Idan ka fahimci wannan, ka fahimci yadda ɗan kasuwa ke ganin ciniki na gudu amma ya rasa kuɗin sake saro kaya.

Girka Odoo ko ERPNext a laftof ɗinka, ka shigar da cinikin mako guda na shagon, ka bi sawun kowane layi har ka ga inda ya faɗa a rahoton riba da asara. Wata buƙata kuma da za ta sa mai shago ya fara ɗaukarka da muhimmanci ita ce zakka. Duk shekara yana buƙatar sanin darajar kayan da ke sito, da kuɗin da ke hannu da banki, da bashin da ake sa ran karɓa, kafin ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Hukuncin na malamai ne, amma alƙaluman naka ne, kuma in ka fitar masa da su cikin minti biyar maimakon kwana uku ana ƙirga, ka samu mai goya maka baya.

Aji uku: koyon tambaya, da SIWES

A nan za a koya maka nazari da tsara tsarin aiki: zanen yadda bayani ke gudana, zanen matakan aiki, rubuta buƙatu. Zanen ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne samo gaskiyar da za ka zana. In ka tambayi mai gida yadda ake aiki, zai faɗa maka yadda ya kamata a yi. In kana son yadda ake yi, zauna kusa da yaron da ke rubutu ranar da kasuwa ta cika. Kada ka ce "me kuke buƙata?", domin amsar ita ce "komai lafiya". Ka ce, "Yaya, nuna min na jiya. Wannan da aka soke fa, me ya faru?"

Ka sa ran turjiya, kuma kada ka yi saurin fassara ta da rashin gaskiya. Wani yana tsoron kwamfuta za ta tona cewa rubutunsa ba ƙarfi. Wani yana ganin za a rage ma'aikata. Mai gida kansa ba ya son yara su ga ribarsa, ba ya kuma son lissafinsa ya fita waje. Duk waɗannan buƙatu ne, ka rubuta su: wa zai ga me, fom ɗin ya zama da Hausa kuma gajere, ya yi aiki a waya, ya yi aiki ba netwok, kada ɗaukewar wuta ta cinye cinikin rana. Manhajar da ta fi littafi jinkiri a lokacin da mutum biyar ke tsaye, ranar za a ajiye ta a koma biro.

SIWES, wato zaman koyon aiki a ma'aikata wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi, yawanci wata shida ne a aji uku. Fara neman wuri tun kana aji biyu. Sunan wurin bai kai abin da za a bar ka ka taɓa muhimmanci ba. Sashen ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti, kamfanin rarraba kaya, ƙaramin bankin al'umma, hukumar tara haraji ta jiha, duk sun fi babban ofishin da za a mayar da kai ɗan aiken hoto-kwafi. Ranar farko ka tambayi wace manhaja suke amfani da ita, wane rahoto ne ke ba su wahala duk ƙarshen wata, ka roƙi a bar ka ka taimaka a kansa. Cike logbuk ɗinka duk mako da abin da ka yi na gaske. Wanda ya bari sai daren da malami zai zo duba shi, ya zubar da abin da zai faɗa a intabiyu.

Amanar bayanan mutane

Sunayen masu bashi, lambobin waya da bayanan rashin lafiya amana ce, kuma yanzu doka ce. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta. Duk abin da za ka nuna a aji ko ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu, sauya sunaye da lambobi tukuna. Kada ka kwafi bayanan abokan cinikin wani ka zuba wa ChatGPT ko makamancinsa don ya taya ka. Yi amfani da irin waɗannan wajen neman bayani ko gano kuskure a abin da ka rubuta, amma kada ka miƙa aikin da ba za ka iya bayaninsa layi-layi ba. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, kuma a riƙa ajiye kwafin rumbun a wani wuri daban. Kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, kada ka ƙirga shi.

Aji huɗu: furojet

In ka bi abin da ya gabata, furojet ɗinka ya riga ya nuna tun kafin a raba sufabaiza. Kana da matsala ta gaske, da bayanai na shekara biyu ko uku, da mutanen da suka san ka. Abokanka za su yi ta yawo da take iri ɗaya da aka yi sau ɗari, wasu su saya. Wanda ya saya, tambaya ɗaya ke kayar da shi ranar difens: "buɗe ka canza mana wannan."

Ka taƙaita. Bin bashi kaɗai, ko ƙirgar sito kaɗai, in an yi shi har ana amfani da shi, ya fi manhajar da ta ce za ta yi komai amma ba wanda ya taɓa ta. Kafin ka girka, auna: minti nawa ake ɗauka kafin a gano abin da ake bin mutum, sau nawa ƙirgar sito ke saɓa wa littafi a wata. Bayan an yi wata biyu ana amfani da ita, sake aunawa. Babi na huɗu na rahoton furojet ɗinka ke nan, kuma in sakamakon bai yi kyau ba, rubuta dalilin. Malamin kirki ya fi girmama wannan a kan alƙaluman da aka gyara. Kai wa sufabaiza babi-babi tun da wuri, kada ka tara masa duka a makon ƙarshe. Ranar miƙa aiki ga mai shago, bar masa takarda ɗaya da Hausa mai bayanin yadda ake shigar da ciniki, yadda ake ajiye kwafi, da abin da za a yi in ta ƙi buɗewa, ku kuma yi magana a fili kan ko za ka ci gaba da kula da ita da nawa.

Satifiket da neman aiki

Kada ka zuba kuɗi a satifiket tun kana aji biyu. Da dala ake biyan yawancinsu. In ka kusa gamawa, zaɓi ɗaya da ya dace da inda ka dosa. Mai son nazarin bayanai ya duba PL-300 na Microsoft, wanda ke kan Power BI. Mai son nazarin harkar kasuwanci ya duba ECBA, wanda ba ya buƙatar gogewar aiki. CISA, na masu binciken tsarin kwamfuta a bankuna da kamfanonin odit, ana iya rubuta jarrabawarsa da wuri, amma cikakkiyar shaidar sai an nuna shekarun aiki. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ma hanya ce ta ƙarin horo ba tare da biya ba, in an buɗe rajista.

Guraben da za ka nema sunayensu daban-daban ne: mai nazarin harkar kasuwanci, mai nazarin bayanai, jami'in tallafa wa masu amfani da manhaja, mai girka ERP, wato manhajar tafiyar da kamfani irin Odoo, jami'in sa ido da tantance ayyuka a ƙungiyoyin agaji, inda ake yawan aiki da manhajojin tattara bayanai irin DHIS2 da KoboToolbox. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da TAJ, suna buƙatar wanda ya san kwamfuta ya kuma gane bambancin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka bayyana, da rance. Lokacin bautar ƙasa, ko makaranta aka tura ka, akwai rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da ke jiran mai gyarawa.

Zuwa intabiyu, tafi da laftof ɗinka da abu uku a shirye: zanen yadda aikin yake kafin ka taɓa shi, zanen rumbun bayanan, da rahoto ɗaya mai motsi da aka sauya sunayen cikinsa. Idan kuma kana da niyyar digiri na biyu, a gida ko a Jamus inda wannan fanni ya daɗe da kafuwa, nemi takardar sakamakonka ta shekara huɗu tun kana bautar ƙasa, ka kuma karɓi alƙawarin wasiƙar shaida daga sufabaizanka tun bai manta fuskarka ba, domin fitar da takardun nan a jami'o'i da yawa kan ɗauki watanni.